Maɗigar Jikan Mma Goitse

A garinmu Moruleng in mace ta haihu, kafin labari ya kai kunnen uban jariri an riga an aika wa Mma Goitse. Ita ba ungozoma ba ce, haihuwa tuni ta koma asibiti. Aikinta yana farawa ne ranar da aka dawo da mai jego gida. Za ta yi mata shimfiɗa, ta dama mata kunun dawa, sannan ta ɗauko itacen nan da muke kira mopakwana ta gicciye shi a bakin ƙofa. Daga ranar har wata uku mai jego ba ta fita, jariri ba ya ganin titi, kuma duk mai zafin ƙafa iyakarsa tsakar gida. Mai zafin ƙafa kuwa shi ne wanda ya kwana da iyali, ko ya fito daga jana'iza, ko ya yini yana taka hanyar da kowa ya taka. Uban jariri shi ne na farko a wannan sahu, kuma shi ya fi kowa shan baƙar magana a bakinta.

Seipati iyayenta suka raɗa mata, amma sunan ya daɗe da ɓacewa. Ƙuruciyarta ta ƙare ne a rumfunan tsince lemo na wajen Rustenburg, inda ta koyi gane ruɓaɓɓen lemo da taɓawa ɗaya. Mijinta ya yi aikin ƙarƙashin ƙasa har ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Goitseone, wadda kowa ke kira Goitse. Shi ya sa ake ce mata Mma Goitse, don a wajenmu Mma uwa ce, Rra kuma uba. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa da murya kamar ta mai kiran fasinja. Fasto ma ta taɓa mayar da shi daga bakin itacen da Littafinsa a hammata, ta ce ya yi addu'ar daga nan, Ubangiji ba kurma ba ne. Mutanen gari suna cewa son mulki ne ya yi mata yawa. Wanda ya taɓa zama kusa da ita yana kallon yadda take leƙa numfashin jariri sau goma kafin kunu ya huce, ya san ba mulki ba ne. Tsoro ne, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa daga ina ya samo ta ba.

Jegon 'ya'yan mutane ta yi ta yi, sai ga na 'yarta ya zo mata a karkace. Goitse malamar firamare ce, mijinta Otsile yana aiki a mahaƙar ma'adinai. Naƙuda ta taso mata saura wata ɗaya da rabi, tana tsaye gaban allo. A asibitin da ake duba iyalan ma'aikatan mahaƙa ta haifi namiji, bakwaini, wanda bai kai nauyin kazar gida ba. Aka sa shi a kwalba, aka zura masa siririn roba ta hanci. A cikin kwanakin ne wata nas ta soke masa dunduniya ta ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda mai kauri, ta ce gwaji ne da ake yi wa duk jaririn da aka haifa a wurin. Ba wanda ya riƙe maganar, hankalin kowa yana kan numfashi da nono. Da ya iya kama nono da kansa aka sallame su.

Haihuwar fari a gidan uwa ake jegonta. Mma Goitse ta kai su tsohon ɗakin ƙasa mai jinka da ta gada a wajen uwarta, can bayan gidan bulo, ta gicciye itace, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Yaron ba shi da suna tukuna, sai an ɗauke itace ake raɗawa, don haka take ce masa ɗan gaggawa. Otsile kuwa kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo da ledar nama ya tsaya a tsakar gida yana miƙa wuya.

"Mma, ko ƙafarsa ce a ɗago mini ta taga."

"Rra, ka ga itacen nan, ko sai na saya maka tabarau? Ajiye naman ka kama gabanka. Aikinka ka riga ka gama shi tun bara."

Goitse ta yi dariya daga ciki, Otsile ya sosa ƙeya ya tafi.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ya shigo, lokacin da ya kamata yana can ƙarƙashin ƙasa. Kayan aiki ne a jikinsa, ba leda a hannunsa. Ya zo daf da itacen ya tsaya, har takalminsa yana neman taɓa shi.

"Mma, daga asibiti suka kira ni."

"Kai ka haihu da za su kira ka?"

"Lambata ce a wajensu. Jinin nan da aka ɗiba a ƙafarsa, sun ce wani abu ya yi yawa a ciki. A kawo shi yau."

"Wane abu?"

"Da Turanci matar ta faɗa. Na ce ta maimaita, ta maimaita, ban kama ba. Wani abu ne dai a saman ƙoda."

"Yaron da yake shan nono kamar ɗan maraƙi? Ka gaya musu lafiyarsa lau?"

"Na gaya mata. Ta ce haka suke, lafiya lau, har sai ranar da…"

Bai ƙarasa ba. Daga cikin ɗaki muryar Goitse ta fito, siririya: "Sai ranar da me, Otsile?"

Mma Goitse ta waiga ta kalli ɗan abin da ke manne a ƙirjin 'yarta, ta kalli itacen, ta kalli ƙofar gida. Can waje akwai titi, akwai mota, akwai layin asibiti cike da ƙafafun da ba ta san inda suka kwana ba, ga yaro da ko fatar kirki bai gama yi ba. Duk rayuwarta ta tafi a kan cewa jariri yana tsira ne in an tsare shi a ciki. Yau an ce mata abin da zai kashe shi yana cikin ɗakin tare da su, a cikin jikinsa. Ta sunkuya ta ɗaga itacen ta jingina shi da bango, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba kafin lokaci. Maƙwabciyarta da ke shanya ta saki zane a ƙasa tana kallo.

A-kori-kurar abokin aikinsa Otsile ya aro. Mma Goitse ta ɗaure yaron a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ta lulluɓe su da bargo har ka, ta zauna a tsakiya don kada kafaɗar direba ta taɓa su. Duk ramin da mota ta faɗa sai ta zura hannu ƙarƙashin bargon ta ji ko yana motsi.

Wadda ta karɓe su Sista Pheto ce, wata dattijuwar nas mai fara'a, wadda ta dubi bargon ta gane daga inda aka fito da su.

"Kun ɗauke itace saboda mu ko, Mma? Ku yi haƙuri. Zauna in yi miki bayani da harshenmu, wannan surukin naki na ga Turancin ya tsere masa."

Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, a jikin jariri irin wannan ba ta fi ƙwayar wake ba. Ita ke haɗa sinadarin da ke riƙe wa jiki gishiri da ruwa. Akwai yaran da ake haifa tasu ba ta iya aikin ba, sai kayan haɗin su taru a jini, kuma taruwar ce ake aunawa a takardar nan.

"To amma bakwaini, Mma, komai nasa bai gama nuna ba, ga wahalar da ya sha a kwalba. Nasu yakan hau haka kawai, ya sauka da kansa. Yawancin waɗanda muke kira, a ƙarshe ba komai."

"In kuma da komai fa?" in ji Goitse.

"Akwai magani, zai sha ya girma ya tsufa. Makara ce ba ma so. Mace akan ga alama a jikinta tun ranar haihuwa, namiji kuwa ba a ganin komai. Yanzu za mu sake ɗibar jini, ku koma gida, in sakamako ya fito mu kira. Amma bari in tambaya, don ciwon na gado ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi ba su sani ba. A danginku an taɓa yin jariri, musamman namiji, da ya rasu a makonnin farko ba a san dalili ba?"

Otsile ya ce babu a nasu. Goitse ta girgiza kai.

"Babu, Sista. Ni kaɗai ce a wajen Mma, ba wa ba ƙani."

"Madalla. To a gida ku lura. In ya fara amai, ya ƙi nono, jikinsa ya saki, maɗigarsa ta lotsa, kada ku jira gari ya waye."

Goitse ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. A wajenmu jaririn da ya koma kafin a ɗauke itace ba a lissafa shi. Ba suna, ba makoki, ba a kai shi maƙabarta. Tsofaffin mata ne ke binne shi a cikin gida, su shafe wurin, kowa ya kama bakinsa. Kuma ba a ambatonsa, balle a gaban wani jariri, don an ce ambatonsa nuna wa na hannu hanya ne. Haka aka yi wa Seipati tana yarinya ɗanya. Kafin ta haifi Goitse ta taɓa haihuwar namiji, ƙato, cikakken wata tara, har ana yi mata barka da girmansa. A mako na biyu ya fara amai. Ya ƙi nono, jikinsa ya saki, maɗigarsa ta lotsa har ana iya zuba ruwa a ciki ya tsaya. Tsofaffi suka ce ciwon maɗiga ne, aka yi tsaga aka shafa magani. Bai kai mako na uku ba.

Yanzu ga wata mace cikin farin kaya ta jero mata abubuwan nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo, kamar tana ɗakin a ranar. Sista ta riga ta juya tana neman allura. In Mma Goitse ta yi shiru za a sallame su, su koma Moruleng, tafiya mai nisa daga nan, su zauna jiran waya. In ta yi magana, ta ambaci wanda ba a ambato, a kan wannan ɗan tsurut da ko suna ba shi da shi. Ta juya wajen surukinta.

"Otsile."

"Mma?"

"Karɓi ɗanka ka fita da shi waje. Ka yi nisa da ƙofar."

Otsile ya yi tsuru-tsuru. "Ƙafata fa, Mma?"

"Yau ba ta ƙafa ake ba. Karɓe shi na ce."

Da hannunta ta kwance yaron daga ƙirjin uwarsa ta ɗora wa uban. Sai da ta ji takunsa ya yi nisa sannan ta juyo, ba ta kalli 'yarta ba.

"Sista, akwai ɗaya. Nawa ne. Kafin wannan."

Ta faɗi sauran a tsaye, murya ƙasa-ƙasa, ita da ake jin maganarta daga ƙarshen layi. Fara'ar Sista Pheto ta ɗauke. Ta ajiye allurar ta fita da sauri, ta dawo da likita, wata matashiya mai tabarau, wadda ta sa aka maimaita mata labarin tana tambayar ranar da aman ya fara. Daga nan ba a sake maganar komawa gida ba. Aka ba su gado, aka ɗibi jini a bayan hannun yaron don a auna gishirin jikinsa a ranar, wani jinin kuma aka aika wani gari inda ake auna sinadarin.

Zaman jiran nan shi ne abu mafi tsawo da Mma Goitse ta taɓa yi. Ta zauna a kujerar roba kusa da gado, ba ta cin abin kirki, babban yatsanta yana kan maɗigar yaron, tana jin bugun da ke ƙarƙashin fatar. Gani take da bakinta ta kira abin. Duk wanda ya shigo ɗakin ba ta ko kallon ƙafarsa, fuskarsa take kallo, ko ya zo da labari. Goitse kuwa ta yini tana kau da kai daga gare ta. Sai da yamma, tana ba da nono, ta yi magana tana kallon bango.

"Duk shekarun nan, Mma. Ina ce wa mutane ba ni da wa."

"Haka aka ce in yi, 'yata."

"Da Sista ba ta jero alamun ba, da kin bari mun tafi gida?"

"Ban sani ba," in ji Mma Goitse, kuma gaskiyarta ke nan.

Gishiri ya fito daidai a ranar farko. Likita ta ce wannan labari ne mai daɗi amma bai isa ba, don yakan faɗi daga baya, za a sake aunawa. Washegari da hantsi yaron ya sha nono ya ƙoshi, Goitse ta ɗaga shi a kafaɗa, sai ga madara ta dawo ta bakinsa ta gangaro mata a baya. Mma Goitse ta ƙwalla ƙarar da ta tayar da duk jariran ɗakin. Ta fito baranda ba takalmi tana kiran Sista, tana cewa ya fara, ya fara. Sista Pheto ta zo da gudu, ta duba yaron, ta taɓa kansa, ta ɗaga zanen ta ga ɗan abin da ya fito.

"Mma, tumbuɗi ne. Ke da kika goge tumbuɗin rabin Moruleng?"

Ta san tumbuɗi ne. Ta san shi tun kafin Sista ta sa farin kaya. Amma ba ta ɗauke yatsa daga maɗigarsa ba har azahar, kuma ba wanda ya yi mata dariya, har matan da aka tayar wa 'ya'ya.

Gishirin bai faɗi ba, yaron kuma kullum aka ɗora shi a sikeli sai ya ƙara ɗan nauyi. Ranar da sakamakon ɗaya garin ya iso, likita ta shigo tana murmushi tun daga ƙofa. Ta ce sinadarin ya sauko sosai, ya koma inda ake so, ba shi da ciwon. Gaggawar fitowarsa ce kawai ta ɗaga shi. Goitse ta rufe fuska da zane ta fashe da kuka, Otsile ya zauna a ƙasa daɓas da kayan aikinsa. Mma Goitse ta bi likita har baranda ta riƙo gefen rigarta.

"'Yata, wancan fa? Nawa. Shi ne ya ɗauke shi?"

"Ba zan iya sani ba, Mma. Yadda kika faɗa, zai iya zama shi. Zai iya zama wani abin daban."

"In shi ne, da an ɗiga jininsa a takardar nan, da yana nan?"

Likita ta cire tabarau ta goge. "A lokacin ba a yin gwajin a nan," ta ce. Mma Goitse ta saki rigar.

Suka koma gida, ta mayar da itacen inda yake, aka ƙarasa jego. Ranar fita aka yanka akuya, aka raɗa wa yaro Loago, Otsile ya ɗauki iyalinsa suka koma gidansu. Tsoron kowa ya ƙare a asibiti, ban da nata. Likita ta ce ba ciwo, ta ji, kanta kuma ya yarda, amma yatsanta bai yarda ba. Duk ranar da aka kawo Loago, kafin ta amsa gaisuwa sai ta zare masa hula ta taɓa tsakiyar kansa. In an kwana biyu ba a kawo shi ba, ta hau mota ta je, ta taɓa, ta sha shayi ta dawo. Otsile har tsokanarta yake, wai Mma ta zo duba lemonta ko ya ruɓe. Yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe, wurin yana ta ƙanƙancewa a ƙarƙashin yatsanta, daga faɗin cokali ya koma kamar ƙwayar masara.

Wata Asabar, Loago ya wuce shekara ɗaya da rabi, Goitse ta kawo shi. Kakar ta kamo shi yana ƙoƙarin bin kaji, ta ɗora yatsa. Ta matsa nan, ta matsa can, ta bi duk tsakiyar kan. Ƙashi ne ko'ina, mai tauri. Yaron ya buge mata hannu ya zille. Ta tsaya da yatsan a sama, sannan ta nemi bakin dakali ta zauna a hankali.

"Ta rufe," ta ce.

Goitse ta zauna kusa da ita. Sai ta yi tambayar da ta riƙe tun asibiti.

"Mma, a ina yake?"

Mma Goitse ta tashi, ta yi gaba zuwa ɗakin ƙasa, 'yarta na biye. Ta ja katifar da ke gefen bango, ta naɗe tabarmar da ke ƙarƙashi. Daɓe ne kawai, a shafe sumul, ba wata alama.

"Nan."

"Nan? Mma, ai a nan na kwanta wata uku."

"Na sani. Ni na yi miki shimfiɗar. Na ga yaron naki ƙarami ne ƙwarai, ni kuma ni kaɗai ce. Na ce ko kawunsa ya taya ni tsaro."

Goitse ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan daɓen, ta bar shi a nan. Can sai ga Loago ya shigo yana tangaɗi da cokalin da ya sato a madafa. Ya zo daidai wurin ya zauna, ya shiga buga cokalin a ƙasa da duk ƙarfinsa, kuma babu wadda ta hana shi.